Darin Bana da Tsohon Kwat na Baba

Ran Talatar da ta wuce na isa makaranta tun kafin ƙarfe bakwai, na tarar ba yaron da ke wasa. Filin nan da kullum sai na yi tsawa kafin ƙura ta lafa, ran nan shiru kake ji. Yara duk sun taru a jikin bangon da ke duban gabas kamar 'yan tsaki, kowa ya cusa hannuwansa a hammata, suna jiran rana. Ita kuwa ranar ta fito fara fat cikin hazo, kana iya zuba mata ido ba ka ƙifta ba. Na duba ma'aunin zafin da muka rataye a baranda domin darasin kimiyya, na ga ya tsaya a digiri 11. A ajina kusan sulusin yara ba su zo ba. Waɗanda suka zo kuma yatsunsu sun ƙage, biro ba ya riƙuwa. Dole muka ajiye rubutu, muka fita muka yi ta tsalle-tsalle har jiki ya ɗan yi ɗumi.

Tun watan Janairu na 1920 ba zan ce ba, gama ba a haife ni ba, amma a iya wayona, in ka ɗebe Janairun 2020, lokacin da ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10 a Jos har mutanen can da suka saba da sanyi suka koka, ban ga darin da ya kama mu a Bungudu kamar na bana ba. Masu shayi a bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato sun samu kasuwa. Masu gwanjo kuma sun ɗora wa suwaita da hular sanyi kuɗi, ba su ko sauraron tayi.

Da na koma gida da azahar na iske mahaifina a ƙofar ɗakinsa, ya ƙudundune cikin bargo. Shekarunsa 88. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, yaya kuka ji da darin nan?"

Ya ce, "Ɗana, ni da idona na ga dusar ƙanƙara ta binne mota har ba a ganin rufinta. Amma gaskiya nake faɗa maka, ko a can ban taɓa jin sanyi ya ratsa ƙashina kamar na daren jiya ba."

Na yi dariya, na ɗauka zancen tsufa ne. Da dare kuwa, ina kwance ina jin iska tana kaɗa kwanon rufi, sai maganar ta dawo mini. Yaya mutumin da ya ga teku ta daskare zai ce digiri 11 ya fi ƙarfinsa?

Abin da Baba ya gani

A shekarar 1962 aka tura Baba Ingila kwas ɗin koyarwa, yana saurayi ɗan shekara 25. Ya hau jirgin ƙasa a Gusau zuwa Zariya, daga can zuwa Ikko, sa'an nan jirgin ruwa na kusan mako biyu zuwa Libaful. Ashe ƙafarsa ta kai shi ne daidai shekarar da Turawan Ingila suka yi sanyin da ba su ga irinsa ba fiye da shekara 200. Tsofaffinsu har yau suna ba da labarinsa kamar yadda namu suke ba da labarin yunwa.

Washegarin Kirsimeti, watau 26 ga Disamba 1962, dusar ta fara sauka. Baba ya ce abin da ya fara ba shi mamaki shi ne shirun. Mu nan in sama za ta zubo da wani abu sai ta yi shela: hadari, tsawa, rugugin ruwa a kan kwano. Can kuwa ya ɗaga labule kawai ya ga abu fari yana saukowa a hankali kamar audugar rimi in iska ta ɗebo ta. Gari ya waye kamar an zazzage audugar Gusau da ta Funtuwa duka a kan titi. Ya fita ya dumbuza da hannu, ya sa a baki. Tsohuwar da yake haya a gidanta ta leƙo ta taga tana ta kiransa ya dawo ya sa safar hannu kafin yatsunsa su mutu.

Ya zaci abin kwana biyu ne. Ina! A ƙarshen Disamba guguwa ta tara dusar a kudu maso yammacin ƙasar har tudunta ya kai ƙafa 20 a wasu wurare, ta rufe hanyoyi da layin dogo, ƙauyuka suka yanke daga gari. Cikin Janairun 1963 teku ta daskare a gaɓar yankin Kent, kogin Temis ma ya daskare a wurare har mutane suna tafiya a kansa. Bututun ruwa suka toshe. Madarar da ake ajiye wa mutane a kwalba a ƙofar gida takan daskare ta kumbura ta ture murfin. Wasan ƙwallo na cin kofin Ingila, zagaye guda da aka shirya gamawa rana ɗaya, sai da ya ci kwana 66. Ba a ga sauƙi ba sai farkon Maris.

To, da yaya baƙo daga Bungudu ya fita lafiya? Da na matsa masa da tambaya sai ya shiga lissafa mini. Bangon gidan mai kauri ne, tagogi na gilashi a rufe ruf. A ɗakinsa akwai murhun gas mai cin kuɗi, in ka jefa sule ya ba ka wuta, in sulen ya ƙare ya mutu, saboda haka kullum da sulalla a aljihunsa. Da dare tsohuwar nan takan cika wata gorar roba da ruwan zafi ta sa masa a ƙarƙashin bargo. Ita ce kuma ta kai shi kanti ta sa ya sayi babban kwat na ulu, baƙi, mai kaiwa har ƙwauri, ta koya masa cewa riga uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. Kada mai karatu ya ɗauka kowa ya tsira a can. Tsofaffi matalauta da yawa, waɗanda ba su da sulen jefawa, sanyin shekarar nan ya yi ajalinsu a cikin ɗakunansu. Sanyi a ko'ina mai abin rufa yake ragawa.

Daga ina darin yake zuwa?

Mu Hausawa mun raba sanyi biyu tun kafin a kawo mana ma'auni. Akwai sanyi irin na damina mai laima, akwai kuma dari, busasshen sanyin hunturu mai fasa leɓe da dunduniya. Darin nan iskar arewa maso gabas ce take kawo shi daga hamadar Sahara, tun daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris. Ƙurar da take ɗauke da ita kuwa, mafi yawanta daga wani kwari ne a arewacin ƙasar Cadi da ake kira Bodele. Wurin a zamanin da ƙasan wani babban tafki ne, wanda tafkin Cadi na yanzu ragowarsa ne kawai. Iska takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta yi ƙarfi kamar ruwan da aka matse a kwararo, ta kwashe busasshiyar laka mai laushi kamar gari. Wannan farar ƙurar da uwargida take sharewa a kan tebur sau uku a yini, ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin ta iso. Wata ma takan haye teku har dazuzzukan Amurka ta Kudu.

Abu uku ne suke haɗuwa su sa dare ya yi tsanani. Da rana hazo yana tare hasken rana, ƙasa ba ta ɗaukar zafi sosai. Da dare kuma ɗan zafin da ta ɗauka sai ya tsere sama, domin tururin ruwa da gajimare su ne bargon ƙasa, a hunturu kuwa babu su. Sa'an nan ga iska. Kowa ya san yadda ake fifita kunu ya huce, kuma kowa ya san ruwan randa ya fi sanyi a wannan lokaci, gama busasshiyar iska tana shanye gumin da ke jikin randar, tana tafiya da zafin. Haka take yi wa jikin mutum. Shi ya sa ma'auni yakan ce 11, fata kuwa ta ce ƙarya yake yi.

Wani abin da ya ba Baba sha'awa da na gaya masa shi ne, sanyin Turai da namu suna da dangantaka. In iska mai sanyi ta taso daga Turai ta haye Bahar Rum ta sauka a kan Libiya da Masar, takan ƙara wa iskar hamada nauyi da ƙarfi, bayan 'yan kwanaki sai mu ga hazo ya rufe mu, jaura tana kaɗawa. Ya ce, "Ashe tsohon abokina ne ya biyo ni har gida."

Malam, yaushe za a yi a nan?

Kowace shekara in yara suka ga katin Kirsimeti mai hoton gida da itatuwa fari fat, sai wani ya ɗaga hannu ya tambaye ni yaushe za a yi irin wannan a Bungudu. Wani kuma ya ce ai an taɓa yi, kakarsa ta tsinta a kwano. Abin da kakar ta tsinta ƙanƙara ce, wadda takan zo da hadarin farkon damina, ƙwallaye masu tauri da suke huda ganyen dawa. Dusar ƙanƙara dabam take. Tururin ruwa ne yake daskarewa a cikin gajimare ya zama 'yan ƙananan furanni masu kusurwa shida, kuma ba za su iso ƙasa ba sai iskar da ke tsakani ta yi kusa da digirin da ruwa yake daskarewa, watau sifiri. Mu kuwa lokacin da muke da sanyi ba mu da gajimare, lokacin da muke da gajimare ba mu da sanyi.

Amma nakan gaya musu kada su ce Afirka ba ta san ta ba. Duk mita dubu da mutum ya hau sama, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Abin da ya sa Jos da Mambila suka fi mu sanyi ke nan. Dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, yana kusa da tsakiyar duniya inda rana ta fi ƙarfi, duk da haka da farar hula a kansa. A shekarar 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya hango shi ya rubuta wa mutanensa cewa ya ga dusar ƙanƙara. Masana a Landan suka ƙaryata shi, sai bayan shekaru da wasu suka je suka gani aka yarda. Har a bakin Sahara ma, a garin Ain Sefra na Aljeriya, ta sauka a kan jigawa a Fabrairun 1979, ta sake sauka a Disamban 2016 da Janairun 2018. Yaran sukan yi shiru su dube ni, na san rabinsu ba su yarda ba. Ba na jin haushi, tun da masanan Landan ma haka suka yi.

Gidajenmu

Na dawo kan maganar Baba. Da na auna, na ga gaskiyarsa. Tsufa yana ciki, gama jikin tsoho ba ya haɗa ɗumi kamar na saurayi. Amma babban dalili shi ne ɗakin da muka sa shi.

Ɗakin da aka haife shi na ƙasa ne, bango mai kauri, rufin ciyawa, ƙofa ƙarama da asabari. Irin wannan bango yakan sha zafin rana ya riƙe, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Kakata tana da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, in dari ya yi sai a zuba garwashi a ciki, gado ya yi ɗumi har asuba. Ga luru, ga gwado saƙar hannu mai nauyi. Mu 'yan boko da muka tashi muka rushe wannan, muka gina masa na bulo da kwano, da manyan tagogi masu raga, muna murna mun fitar da shi daga ƙauyanci. Ban sa silin ba, na ce sai kuɗi sun samu, shekara tara ke nan. Kwano kuwa ba ya riƙe komai. Da rana tanda, da dare randa. Ni da hannuna na gina wa mahaifina ɗakin da ya fi na Ingila sanyi.

Ba na cewa a koma ginin da. Tufafinmu da gidajenmu duk domin zafi aka yi su, da dalili kuwa, gama wata tara ko goma zafin muke fama da shi. Bana ma da Maris ya kama za mu manta da wannan duka. Amma 'yan makonnin nan suna cin mutane, kuma waɗanda suke ci sanannu ne: tsofaffi, jarirai, masu fuka, da masu ciwon sikila waɗanda sanyi yake tayar musu da ciwon ƙashi.

Jariri yana zubar da ɗumi da sauri, musamman ta kai. A sa masa hula da safa, uwa ta riƙa manna shi a jikinta, wankan asuba kuma a jinkirta shi sai rana ta ɗaga. In yaro yana tari, numfashinsa ya yi sauri, kana ganin ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, wannan ba mura ba ce ta jiƙo da man zafi, a kai shi asibiti a ranar. Sanyin kansa ba shi ne ƙwayar cutar ba, amma ƙura da bushewa suna fasa cikin hanci da maƙogwaro, mu kuma muna cunkushewa a ɗaki guda mu toshe kowace kafa, cuta ta samu hanya. Ta haka sanƙarau yake shigowa a ƙarshen hunturu. Mu mutanen Zamfara ba ma bukatar a tuna mana da 2017, shekarar da annobarsa, wadda ta faro daga jiharmu, ta kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasar nan. In an yi shelar rigakafi a fito da yara.

Kaskon wuta

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Shekaru uku da suka wuce, a wani gida kusa da mu, wata uwa ta shigar da kaskon gawayi ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, ta toshe ƙasan ƙofar da tsumma saboda tausayin 'ya'yanta. Da asuba maƙwabciya ta yi ta sallama ba amsa. Da aka ɓalle ƙofa aka fito da su huɗu jiki sake, suna amai, ba mai iya tsayuwa. Allah ya sa da sauran kwana, duka suka farfaɗo. Ba hayaƙi a ɗakin, ba abin da ya ƙone. Mutane suka fara zancen iska da sammu.

Ba iska ba ce irin wadda suke nufi. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Mai barci ba ya farkawa ya ji ta, barcin ne kawai yake ƙara nauyi. Garwashin da ya yi ja ba hayaƙi, wanda muke cewa ya nuna, shi ma yana fitar da ita. Janareto ma haka. Ɗakin kakanninmu mai rufin ciyawa yana numfashi ta ko'ina, na siminti kuwa in an rufe shi kamar tulu ne. A ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a bar wata kafa a buɗe. Ciwon kai da jiri ga mutanen ɗaki gaba ɗaya alama ce, a fita waje nan da nan.

Gobara kuwa ba sai na faɗa ba. Danga ta bushe, zana ta bushe, kara yana jibge kusa da rumbu, ga iska. Gidan sauro da katifar soso ba sa jiran minti biyu.

Kada in zama mai kushe kawai. Manoman alkama a Bakolori addu'arsu ke nan, gama alkama ba ta yin ƙwaya sai da sanyi, shekarar da hunturu ya yi rauni su ne suke fara kuka. Sauro ya ragu, tuwon dare yana kwana lafiya, barci kuma ga mai bargo ba a magana.

Ga mai bargo, na ce. A Gusau da Tsafe da nan Bungudu akwai iyalai da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, suna kwana a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba, ba ƙofa ba taga, buhu ne shimfiɗa. Da can talaka in ba shi da bargo yana da daji, ya yo kirare ya hura. Yanzu shiga dajin ya zama kasada, itace ya yi tsada, har karan da ake bari a gona ya zama abin saye. Matan zumunta a wurinmu sun zaga gida gida makon jiya suna tara tsofaffin suwaita da zannuwa. Abin da aka samu bai kai ko'ina ba, amma an raba.

A cikin waɗanda aka koro akwai wani dattijo da yake gadin makarantarmu da dare. Yakan biyo ta ƙofar gidanmu da yamma su gaisa da Baba, su taɓa hirar gona. Ran Alhamis Baba ya dube shi, riga ɗaya ce a jikinsa da wani ɗan mayafi. Da ya wuce sai Baba ya kira ni ya ce in jawo masa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A can ƙasa, ƙarƙashin takardun shaidarsa, ga kwat ɗin nan na 1962 a naɗe, yana warin kafur. Asu ya ɗan taɓa wuyan, maɓalli guda ya ɓace, amma ulun yana nan da nauyinsa. Muna yara ba a yarda ko taɓa shi mu yi.

Na ce, "Baba, ai ku ya kamata ku sa shi, ku da kuke kukan sanyi."

Ya ce, "Ni ina da ɗaki, ko da ba silin." Ya ɗan harare ni. "Kai masa. Ka ce ya sa riga biyu a ciki, haka matar nan ta koya mini."

Na kai masa. Ran Asabar kuma na je Gusau na tambayo kuɗin silin, na dawo da kafinta ya auna ɗakin. Jiya da asuba da na isa makaranta na hangi maigadi a bakin ƙofa cikin hazo, baƙin kwat har ƙwauri, hannuwa cikin aljihu, yara sun kewaye shi suna taɓa ulun suna tambayarsa ko daga Turai ya zo.